Baƙar Tagar da Na Rufe Ranar Jana'izar Yayana

Ku matso, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ba tatsuniya na kawo muku ba. Wanda zan ba ku labarinsa na ga inda anka wanke shi, na ga tabarmar da anka fitar da shi a cikinta. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana sa wa takarda, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Kwana bakwai munka yi muna karɓar gaisuwa a gidansa na Anka. Na ga baki iri-iri. Wani tsohon abokin aikinsa ya tsaya bakin zaure yana ɗaga murya don mu na cikin gida mu ji, wai garin ya yi rashin mai hangen nesa. Mutumin nan shi ne ke ce masa mai tonon kabari da na'ura in sun haɗu a majalisa. Wani kuma ya ce marigayi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ƙarya ce. Ya ɓata mini, ya ɓata wa da yawa, kuma sau tari shi ke da gaskiya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Masu kukan gaskiya ba su yi surutu ba. Wata mata ta taso tun daga Bagega, ta zauna gefen randa har rana ta karkata. Da za ta tashi ta ce, "Tun da ɗana ya rasu, shi kaɗai ya tambaye ni mi sunan yaron." Wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono a bakin ɗaki, ta ce Allah jiƙan Modibbo, ta juya. Ba ta ko sha ruwa ba.

Kowa ya zo sai ya dafa ni ya ce Allah ya ba ki haƙuri. Ina cewa amin. Ba wanda ya san abin da hannuna ya aikata a ɗakinsa tun ƙasa ba ta gama rufe shi ba.

Shi anka kai boko, ni anka bar ni da turmi. Ba na jin haushin mahaifinmu, haka ake yi a lokacin, amma ku riƙe wannan a ranku. Yaya ya yi shekaru yana buga tafireta a ofis har gemunsa ya yi fari. Yatsunsa ba su san hutu ba. Yana zaune yana sauraronka, yatsun na tafiya a kan gwiwarsa, kamar yana buga abin da kake faɗa. In mutum ya shara masa ƙarya ba ya musu, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "A sake bugawa." Shi ke wanke hularsa da kansa, ya kifa ta kan tulu ta bushe, don wai matarsa na murɗe mata wuya. Ita kuma takan ce, "Hular da ta girmi aurenmu, wane wuya ya rage mata?"

Ni a ƙauyenmu nake, can kusa da Yargalma. A shekarar da zinari ya buɗe, kowane gida dutse ake daka. Mijin ɗiyata ya riƙa kawo buhunan dutse daga rami. Ɗiyata ba ta so a daka a gidanta ba, ta ce ƙurar na sa yara tari. Ni na ce, "Ke dai raggo ce. A kawo gidana, ina da babban turmin Inna." Da bakina na faɗa. Kuma ɗiyanta uku a tsakar gidana suke wuni, suna birgima a ƙasar, suna cin tuwo da hannun da sunka yi wasa da garin dutse.

Ɗan farinta ya fara. Jijjiga, ido ya kafe, kwana biyu. Bayan sati uku ƙaramar ta bi shi. Na tsakiyar ya rayu, amma har yau in ka kira shi sai ya daɗe kafin ya waiwayo. Munka ce iskoki ne, munka ce mayu ne. Sai likitoci sunka zo daga nesa sunka ce dalma ce, tana cikin dutsen, tana cikin ƙasar gidajenmu.

Yaya sunka ɗauka ya riƙa yi musu tafinta yana buga musu takardu. A nan munka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Ya shigo gidana da mutane riƙe da shebur, ya tsaya a gaban maƙwabta ya ce za a kankare ƙasar tsakar gidan a kwashe, kuma turmin ma sai an tafi da shi.

Na ce, "Turmin Inna? Wanda ta daka furar da ka ci ka tahi boko?"

Ya ce, "Shi."

Na ce, "Nasara sun ba ka kujera ka manta wadda ta goye ka."

Ya cire tabarau ya ce a hankali, "Auta, turmin ga ya ci biyu. Nawa kike so ya ci?"

Na zage shi zagin da ba zan maimaita ba. Wata huɗu ban amsa sallamarsa ba. Ranar wata kasuwar Bukkuyum sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofata, tsoho a baya ya rungume sabon turmi kamar mai jego da jariri, hular ta karkace, ƙafafunsa sun kumbura saboda hanya. Ya sauke ya ce, "Bai kai na Inna ba. Amma wanga gero kaɗai ya sani." Ya sha ruwa ya koma. Ba mu sake tada maganar ba.

Ɗiyata kuwa ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ina kwana Inna, lahiya lau, shi ke nan. Shekara shida ba ta zauna a tabarmata ba, ba ta ci daga kwanona ba. Ni kuma ban iya buɗe baki in tambaye ta abin da ke ranta ba.

Da aikin likitocin ya yi sauƙi, ɗaya daga cikin ma'aikatansu ya bar wa Yaya tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake naɗewa kamar faifai biyu. Sai ya ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa shi. Ya ce yaran nan an binne su ba alama, a takarda kuma lamba ce ke gabansu. Shi zai bi uwaye gida-gida, kowace ta faɗi sunan ɗanta da muryarta, ta faɗi abin da yake so da abin da ke ba shi dariya, ya adana. Mutane sunka ce ya taɓu. Malamai biyu sunka zo har gida sunka ce yana hana mata haƙuri. Ya ba su shayi, ya ci gaba da abinsa.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan maganar take. Yaya ba ya son nune-nune da ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda yake kira ɓera. Mutumin tafireta ne. Akwai wata baƙar taga da yake buɗewa a fuskar kwamfutar, ba hoto ba ado, sai wani ɗan fari da ke ƙyaftawa. A ciki yake buga sunan abin da yake so, sai abin ya buɗe a tasa tagar. Na ɗaukar murya shi ne mai zane yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto.

Ya gaya mini yadda abin ya fara cizonsa. Wata mata ta yi tafiyar wuni daga ruga ta ba shi labarin ɗiyarta. Da ta gama, ya ga baƙar tagar ta tare masa wuri, ya rufe ta. Sai mai zanen ya ɓace tare da ita, da muryar da komai. Ya bi matar har rugarsu, ya tarar sun tashi. Ya ce kwana uku bai ji ɗanɗanon abinci ba. Ya kira wanda ya ba shi na'urar, shi ya koya masa maganin abin.

"Auta, zo ki gani," in ji shi. "Duk abin da na buɗe daga cikin baƙar ga, ɗanta ne, yana bayanta a goye. Ta faɗi, ya faɗi. Sai in an yaye shi."

Na ce, "Har na'ura ana yaye ta? Da wane kunu?"

Ya yi dariya har da tari. Ya nuna mini. Kafin sunan abin sai ya buga wata kalma ta Nasara, ni dai kunnena "nohaf" yake ji. A ƙarshe kuma ya sa wata alama kamar igiyar da anka ƙulla. Ya ce ta farkon tana toshe wa ɗan kunne, ko an yi shelar uwar ta tafi ba zai ji ba balle ya bi ta. Ta ƙarshen kuma tana sauke shi daga baya ya taka da ƙafarsa. Daga nan ya kama hannuna ya ɗora kan ɓeran, ya ja shi har kusurwar baƙar tagar, ya ce, "Danna." Na danna. Baƙar ta ɓace. Mai zanen na nan yana ta haƙoransa.

Abin ya zame mana wasa. Duk zuwan da na yi Anka, in zai fara aiki sai ya ƙwala kira, "Ina Auta? A zo a sallami uwar!" In zo in danna, matarsa na cewa, "Tsofaffi biyu sun samu abin wasa." Ya kuma ja mini kunne cewa barin baƙar a buɗe haɗari ne, don duk hannun da ya faɗa kan maɓallan yana iya ba ta umarnin da zai yi ɓarna. Abu ɗaya ke nan na boko da na taɓa iyawa a duniya, kuma ina alfahari da shi.

Sau uku yana roƙon ɗiyata ta yi magana. Kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko yana raye balle ya rasu. Takan ce, "Kawu, ka bar ni." Sai ya bar ta.

Ranar da abin ya faru ina gidansa, na zo duba shi don jininsa ya hau. Da hantsi sai ga ɗiyata, ta kawo na tsakiyar asibiti an duba shi, ta biyo. Ba ta ko ajiye mayafi ba ta ce, "Kawu, kunna abinka. In ba yanzu ba, ba ni iyawa."

Na ga hannun Yaya na rawa yana jawo kwamfutar. Yatsun da ba su taɓa tuntuɓe ba. Ya buga da sauri, kamar mai tsoron tsuntsu ya tashi. Bai kira ni in sallami uwar ba, ni kuma ban lura ba, don ɗiyata ta juyo ta ce, "Inna, ki ba mu wuri."

Na ɗauki jikana munka zauna ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gida. Inuwa ta taso daga bango ta dawo gindin itacen, ba su fito ba. Ban ji kalma ɗaya ba, sai wani lokaci in ji muryarta ta tashi ta sauka. Dab da azahar ta fito, idanu sun yi ja. Ta durƙusa a gabana. Sannan ta ce, "Inna, abin da ke tsakanina da ke na gaya wa Kawu. Duk yana ciki. Ki ji a can, ni bakina ba ya iya faɗa miki ido da ido." Ta kama hannun yaron sunka nufi tasha.

Na shiga ɗaki. Yaya na zaune ya kifa tabarau a cinya. Na ce, "Mi ta ce?"

Ya ce, "Ba daga bakina za ki ji ba. Da muryarta za ki ji. Bari in yi alwala in dawo in adana shi, sai in kunna miki."

Na ce, "Ko kalma ɗaya, Yaya."

Ya ce, "Shekara shida kin jira. Ki ƙara tsawon alwala."

Ƙarar faɗuwar buta munka ji, ni da matarsa. Kafin mu kai gare shi gefensa ɗaya ya saki, bakin ya karkace. Ya dube ni yana son magana, harshen ya ƙi. Kafin la'asar ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anka yi masa sutura, maza sunka ɗauke shi sunka tafi maƙabarta. Duk wani mai gemu da duk wani mai wando ya bi su. Gida ya rage sai mu mata, ɗaki ya cika har ana taka ƙafar juna. Kwamfutar na nan kan ɗan teburinsa yadda ya bar ta, mai zanen a sama, baƙar na leƙowa ta gefe, ɗan farin na ƙyaftawa. Wata ta jingina da teburin. Wata ta ɗora kwanon goro dab da maɓallan. Wata mai goyo ta sunkuya, hannun jaririnta ya kai musu duka. Muryar ɗiyata na ciki, ga hannuwa ko'ina.

Matar Yaya ta ɗago daga kukanta ta ce, "Don Allah a kashe mini ƙyaftawar can, ji nake kamar shi yake jira. Ke kin iya, kullum ke yake kira."

Na tashi. Ku ji ni da kyau, ba ruɗewa na yi ba. Da natsuwa na tashi, har da wani ɗan jin kai, ni ce wadda ta san abin yi a cikin mata arba'in. Na ce a raina in sallami uwar, ɗan ya zauna lafiya har ɗan Yaya ya iso daga Gusau. Na ɗora hannu kan ɓeran, na ja shi har kusurwa, na danna.

Baƙar ba ta tafi ba. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya da rubutu layi biyu. Ban taɓa ganinsa ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "Wa ya iya boko a nan?"

Ba wadda ta iya. 'Yan matan da sunka yi makaranta an tura su gidan maƙwabta dafa abincin baƙi. Wata malama mai koyar da allo ta matso ta ƙura ido, ta ce, "Wanga ba namu ba ne." Wata ta ce, "Ƙila gaisuwa yake miki." Har wasu sunka yi 'yar dariya cikin hawaye.

Da ma na jira maza su dawo su karanta mini. Tafiyar maƙabarta ba ta fi a dafa shinkafa ba. Amma na ce ai Yaya bai taɓa barin ɗa a goye ba, ko sau ɗaya a gabana. Na sake dannawa.

Su biyun sunka tafi tare. Fuskar kwamfutar ta koma fili, ba zane ba komai.

Ban yi ihu ba. Na koma na zauna inda na taso. Matar Yaya ta ce, "Allah shi miki albarka."

Ɗan Yaya bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso. Malamin makaranta ne, ya san na'urar. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya tarar batirin ya ƙare tun jiya, don ba wanda ya tuna da haɗa ta da abin cajin hasken rana. Ya kunna, ya buɗe baƙar tagar, ya danna wani maɓalli, sai ga layin ƙarshe da ubansa ya buga. Ya nuna mini da yatsa. Ko ni da ban iya karatu ba na ga gajarta. Suna ne tsirara, ba kalmar gaba, ba ƙullin baya.

Na ce, "Akwatin fa? Mi ya ce mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, cewa ya yi akwai abin da ke aiki a ciki, in kin rufe zai mutu. Ya tambaye ki ko kin tabbata."

Ya yi wuni biyu yana tono. Ya ce muryar da ba a adana ba tana zama a wani wurin wucin gadi, kuma na'urar na share wurin duk sanda ta mutu ta tashi. Sai ya ƙara abin da na so ya bar shi a cikinsa. Wai ko an buɗe abu a goye, akwai yadda ake yaye shi daga baya, taɓi uku ne kacal. "Da an jira ni," in ji shi. Ya ga fuskata, ya naɗe kwamfutar.

Ina jin haushin Yaya, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Mutumin da ya koya wa kowa, ya kiyaye muryar matan da bai haɗa komai da su ba, ranar tawa ce hannunsa ya yi gaggawa. Ya kuma san abin da ta ce, ya tafi da shi cikin ƙasa saboda alwala. Allah ya gafarta masa. Ni ma ya gafarta mini wannan haushin, don na san rawar hannun nan son mu ne ya kawo ta.

Ɗiyata ta dawo ranar sadakar uku. Na same ta a bayan ɗaki tana wanke kwanuka, na tsuguna na gaya mata duka. Ba ta daina wankin ba.

Na ce, "Ɗan Kawunki ya iya. Ki sake faɗa, ko rabi."

Ta ce, "Inna, na kama sunanshi da bakina. Na hwaɗi yadda ya riƙe mini yatsa. Kina jin abin ga ana yin shi sau biyu?"

Na ce, "To bar wannan. Ni kalma ɗaya nake roƙo. Kin yahe mini, ko ba ki yahe ba?"

Ta ɗauraye kwanon da ke hannunta, ta kifa shi kan 'yan'uwansa. Ta dube ni, ba fushi ba murmushi. Ta ce, "Ranar nan na san amsar. Yau ban sani ba." Ta ɗauki kwanukan ta shiga ciki.

Matar Yaya ta gama takaba ta koma wurin danginta. Har ta rasu ba ta san abin da ta sa ni ba, ban gaya mata ba. Ɗan Yaya ya kwashe sauran muryoyin ya zuba a ƙananan katunan waya, ya bi ƙauyuka yana mayar wa kowace uwa nata. Wasu sun karɓa sun ƙulle a bakin zane, wasu sun ce ya tafi da abinsa. Kwamfutar tana Gusau cikin akwati, ya ce ba ta ƙara tashi ba. Abokin aikin nan mai ɗaga murya yana nan da ransa, yanzu cewa yake shi ya ba marigayi shawarar aikin.

Ƙauyenmu ya watse da masu bindiga sunka matsa. Ni ina Anka, a ɗakin da Yaya ya bari. Ɗiyata da mijinta da na tsakiyar suna Gummi, ta ƙara haihuwa biyu, ban taɓa goya ko ɗaya ba. Duk kaka tana aiko mini da gero da ɗan wake a bakin buhu, direba ya sauke ya ce tana gaishe ki. Ina dakawa, ina tuƙawa, ina ci. Har yau ban sani ba, abincin wadda ta yafe nake ci, ko na wadda ke sauke haƙƙin haihuwa.